SABUWAR KWAMFUTA: MANHAJOJIN KYAUTA DA YA KAMATA A FARA SAKAWA



Maganar da zan yi muku yau ta shafi duk wanda ya tara guminsa ya sayi sabuwar kwamfuta, malami ne ko ɗalibi, ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci. Sau da yawa, da zarar mutum ya saya, sai ya miƙa ta ga mai gyara a cika masa ita da manhajoji a kan 'yan kuɗi kaɗan. Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji na sata ne, an fasa makullinsu. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare manhajojin kwamfuta kamar yadda ta kare littattafai. Ban da wannan, ɓarayi kan ɓoye ƙwayar cuta a cikin manhajar sata, su kwashe lambobin sirrin mutum na banki. Alhali kuwa akwai ingantattun manhajoji waɗanda masu su suka bayar kyauta, ta hanyar halal.

Abu na farko shi ne tsaro. Ku bar kwamfuta ta sabunta kanta kafin ku saka kome. A watan Mayu na 2017 cutar WannaCry ta kama kwamfutocin da ba a sabunta ba a ƙasashe kimanin 150, har da asibitocin Ingila, ta kulle bayanai tana neman fansa. Windows 11 tana zuwa da mai gadinta, Microsoft Defender, ba sai an biya ba. Ku tabbata a kunne yake. Ku sani kuma kamfanin Microsoft ya daina tallafin gama-gari na Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Na biyu, manhajar shiga intanet. Firefox, wadda ƙungiyar Mozilla ta fitar a 2004, kyauta ce, tana kuma toshe da yawa daga cikin masu bin sawun mutum don talla.

Na uku, aikin ofis. LibreOffice, wadda aka fara a 2010, tana da sashen rubuta wasiƙa, da na lissafi, da na gabatar da jawabi. Tana buɗe takardun Word da Excel, tana kuma mayar da rubutu ya zama PDF. Ba ta bukatar intanet wajen aiki, wannan kuwa sauƙi ne ga mazauna wuraren da layi ba shi da ƙarfi.

Na huɗu, VLC, wadda ɗalibai suka faro a Faransa, tana kunna kusan kowane irin sauti da bidiyo. Ita kuwa 7-Zip, wadda Igor Pavlov ya fitar a 1999, tana matse manyan fayiloli, tana kuma buɗe waɗanda aka aiko a matse.

Na biyar, harshenmu. Kada a ci gaba da rubuta Hausa babu ɓ, ɗ da ƙ, domin kowa ya san bambancin kafa da ƙafa. Windows tana da allon rubutun Hausa a cikin saitin harsuna, akwai kuma Keyman, ita ma kyauta.

Na shida, KeePass tana adana kalmomin sirri a kulle, don kada mutum ya riƙa amfani da guda ɗaya a ko'ina.

Sai dai a yi hattara. Kada ku sauke kowace daga cikinsu sai daga shafin masu ita na ainihi, gama 'yan damfara kan kafa shafukan bogi da irin sunayensu. Haka nan ku riƙa kwafe muhimman takardunku a wata ma'ajiya dabam, ku cire ta ku ajiye, domin wuta kan ɗauke, na'ura kan lalace.

Ina roƙon wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa, shugabannin makarantu kuma su sanar da ɗalibansu. Allah Ya taimaki ƙasarmu Nijeriya.