Zakkar Karatu da Mutuncin Ɗalibi: Jawabin Sakataren Gidauniya

 



Yaran da muke ɗaukar nauyin karatunsu kan fito da sassafe daga Unguwar Mu'azu, su hau Keke Napep zuwa makarantun kuɗi na Malali da Unguwar Rimi, su sauka a ƙofar da ake sauke abokan karatunsu a motocin gida. Darasi bai cika gagarar su ba. Abin da ke karya musu gwiwa shi ne lokacin tara, sa'ad da kowa ya buɗe guzurinsa, da ranar da ake kiran sunayen masu bashin makaranta, da laƙabin "ɗan tallafi". Yaron da ya sha wannan sai ya daina ɗaga hannu a aji, ya riƙa ɓoye sunan unguwarsu, har ya ƙi sanar da mahaifinsa ranar taron iyaye. A gida kuma tsararrakinsa na yi masa kallon wanda ya fi ƙarfinsu.

Zakka haƙƙin yaran nan ce. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta fara lissafin masu cin ta da faƙirai da miskinai, aya ta 264 ta Suratul Baƙara kuwa ta yi kashedin cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Mu tuna kuma, Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ɗan sarki ba ne, amma ya zauna da 'ya'yan sarakuna a Kwalejin Katsina, ya zama Firayim Minista a 1957.

Saboda haka mun tsayar da ƙa'idoji uku. Za mu biya kuɗi tun kafin a koma hutu, don kada a kira sunan ɗanmu a bainar jama'a. Tallafin zai haɗa da kayan makaranta, kuɗin mota da kuɗin tara. Ba kuma za mu buga hoton yaro ko sunansa ba, ko mu manna tambarinmu a jakarsa.

Wannan zai ƙara mana nauyi. Muna roƙon masu hali su ware waƙafi na musamman domin waɗannan ƙananan buƙatu.

Allah Ya karɓa daga masu bayarwa, Ya albarkaci karatun yaranmu.