Fred Brooks: Daga Kamfanin IBM Zuwa Gaban Allo



A shekarar 1964, daidai lokacin da tauraron Frederick Brooks ke haskawa a kamfanin IBM, ya amsa kiran Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill a Amurka, ya je ya kafa sashen kimiyyar kwamfuta. Shekararsa 33 a duniya. Haifaffen Durham ne, ya yi karatu a Jami'ar Duke, ya sami digirin digirgir a Harvard a 1956 a hannun Howard Aiken, kuma a shekarar ya kama aiki da IBM.

Kafin zuwan kwamfutocin System/360, kowane jerin kwamfutocin IBM da irin yarensa. Idan banki ya bunƙasa ya sayi babbar na'ura, sau da yawa sai an sake rubuta masa manhajojinsa daga tushe. Aikin da aka ɗora wa Brooks shi ne ya jagoranci ƙera System/360, wato kwamfutoci 'yan gida ɗaya, manya da ƙanana, waɗanda manhaja guda za ta yi aiki a kan kowacce. Gene Amdahl da Gerrit Blaauw ne abokan zanensa. Kamfanin ya zuba kusan dala biliyan 5, aka sanar da na'urorin ranar 7 ga Afrilu, 1964.

A cikin wannan aiki Brooks ya yanke shawarar da shi kansa ya fi alfahari da ita: a mayar da bayit, ma'aunin adana harafi a kwamfuta, daga mai bit 6 ya zama mai bit 8. Bit 6 na ɗaukar alamomi 64 kacal, wato manyan baƙaƙe, lambobi da 'yan alamomin rubutu. Bit 8 na ɗaukar 256, sai ƙananan baƙaƙe suka sami wuri. Ma'aunin nan ne har yau a cikin wayoyinku, inda harafin ƙ namu, da ya zo a makare, yake cin bayit biyu.

Na'urorin sun karɓu. Manhajar da ke tafiyar da su, OS/360, ita ce ta ba shi ruwa. Ta makara, ta ci kuɗi ninkin-ba-ninkin abin da aka ƙiyasta, ta fito cike da kurakurai. A ƙiyasin Brooks, ta laƙume aikin da mutum 5,000 za su yi cikin shekara guda. Da zai bar kamfanin gaba ɗaya a 1965, shugabansa Thomas Watson ƙarami ya tambaye shi dalilin da ya sa kula da aikin manhaja ya fi na ƙera na'ura wuya. Sai da ya yi shekara goma yana koyarwa kafin amsar ta fito a littafinsa The Mythical Man-Month, a 1975.

Ga bayaninsa. Manomin da ciyawa ta sha kansa yakan kira gayya, kowa ya kama kunyarsa, kafin azahar an gama. Manhaja ba ta yarda da gayya. Sabon ma'aikaci sai an koya masa aikin, kuma masu koya masan su ne waɗanda aikin ya riga ya yi wa yawa. Sannan ga tuntuɓar juna: tsakanin mutum 5 akwai hanyoyin magana 10, tsakanin mutum 50 kuwa 1,225 ne. Don haka ƙara hannu a aikin da ya makara ƙara masa jinkiri yake yi. Abin burgewa a nan, mutumin ya ɗauki aikin da ya fi kunyata shi ya baje a gaban ɗalibai, alhali da yawa daga cikin manyan ma'aikata nasarorinsu kaɗai suke shiga aji da su.

Brooks ya shugabanci sashen da ya kafa shekara 20. Bincikensa ma da halin ɗan masana'anta ya yi shi, domin a ganinsa masanin kwamfuta maƙerin kayan aiki ne, kuma mai amfani da kayan ne alƙali. A wani aikinsa mai suna GROPE, masanin sinadarai yakan riƙe wani hannun ƙarfe yana tura ƙwayar magani cikin furotin a kan allo, hannun yana tirjewa ko yana jansa gwargwadon ƙarfin da ke tsakanin ƙwayoyin. Sabon ginin sashen, Sitterson Hall, sai da aka zaga ɗakunansa a cikin kwamfuta tun ba a kammala shi ba.

A bugun littafin na 1995 ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa masanin manhaja David Parnas ne ke da gaskiya a saɓanin da suka yi. Brooks ya so kowane mai rubuta manhaja ya ga aikin kowa; Parnas ya ce kowane ɓangare ya ɓoye cikinsa, ya nuna ƙofarsa kawai. Brooks ya karɓi lambar yabo ta Turing ta 1999, ya rasu a Chapel Hill ranar 17 ga Nuwamba, 2022, yana da shekara 91.