Awon juriyar zuciya bayan jinyar kansa

 

Jawabinmu na yau ya shafi matan da suka yi jinyar kansa, wato sankara ko ciwon daji, Allah ya tashi kafaɗunsu suka komo gida. A nan Nijar, kansar mama da ta bakin mahaifa su ne suka fi addabar mata. Tun shekarar 2021 cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai ta fara ƙona ciwon da hasken na'ura, kuma daga Maraɗi, Damagaram ko Tawa mace kan ɗauki doguwar hanya ta je neman magani. Ranar da ta dawo, dangi kan ce an gama. Sai dai jiki kan riga zuciya warkewa. Akwai fargabar dawowar ciwo, akwai bashin jinya, akwai kunyar maman da aka yanke.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma mace mai kawaici ta iya ɓoye damuwarta a bayan murmushi. Shi ya sa masana halayyar ɗan Adam suka nemi hanyar auna ta da ƙidaya. A manyan jami'o'i da cibiyoyin kansa ana ɗaukar matasan da suka kammala karatun doktora domin wannan aiki: su tsara tambayoyi, su yi wa ɗaruruwan waɗanda suka warke, su maimaita bayan watanni, sannan su bi da lissafi su gano wa ya farfaɗo, wa ya durƙushe, da abin da ya bambanta su. Kun san zaren awon damtsen yaro mai ja, ɗorawa da tsanwa. Waɗannan tambayoyi su ne zaren awon zuciya.

A shekarar 2003, a jami'ar Duke ta Amurka, Connor da Davidson suka fito da ma'aunin juriya mai tambayoyi 25. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 4, jimla 100. Ana tambayar mutum yadda yake jure sauyin rayuwa, da yadda yake miƙewa bayan ciwo ko wahala, da ko yana da wanda yake dogara da shi.

Me ƙidaya ta nuna? Da farko, yawancin waɗanda suka warke suna komawa rayuwarsu, amma fargaba takan daɗe, har ta shafi abokan zamansu na aure. Na biyu, juriya tana ƙaruwa da jama'a. A 2006 an wallafa wani bincike a kan mata ma'aikatan jinya 2,835 na Amurka da suka kamu da kansar mama. An tarar cewa waɗanda ke zaune cikin kaɗaici, haɗarin mutuwarsu da ciwon ya ninka na masu dangi da ƙawaye sau biyu. Mai yiwuwa dalilin shi ne: mai jama'a tana da wanda zai raka ta likita, ya tuna mata magani, ya dafa mata abinci ranar da ta kasa.

A kiyaye abu guda. Ƙarfin zuciya ba ya maye gurbin magani, kuma wadda ciwonta ya dawo ba raunin imaninta ne ya jawo ba. Kada a ɗora mata laifi.

Ku masu faɗakarwa, akwai ƙaramin ma'auni da asibitocin kansa ke aiki da shi, wanda ku ma za ku iya. Tambaya ɗaya ce: a cikin wannan mako, daga 0 zuwa 10, damuwarki ta kai nawa? Idan ba ta saba da lamba ba, ku aza tsakuwa goma a gabanta, ta ware gwargwadon nauyin da take ji. Ku yi tambayar a keɓe, ba a gaban kishiya ko suruka ba. Ku rubuta amsar, ku sake tambaya a ziyara ta gaba, domin awo ɗaya ba ya nuna hanya. Idan ta kai 4 ko sama, ku raka ta CSI ta gana da ma'aikacin lafiya. Idan ta daina cin abinci, barci ya ƙaurace mata, ko ta ce rayuwa ta ishe ta, kada a jira gobe. Haka nan idan wani sabon ƙullutu ya fito, ko jini, ko rama marar dalili.

Ku kuma iyayenmu mata, kansa ba ta yaɗuwa ta kwano, ko tabarma, ko gaisawa. Ku ci abinci tare da ita. Ku kira ta biki da suna, ku bar mata gurbinta a adashi, ku karɓa mata daka da ɗiban ruwa har ƙarfinta ya dawo. Ku tuna mata ranar komawa ganin likita, ku taya mai gidanta da magana mai daɗi, shi ma yana ɗauke da nasa kaya. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu jinya haƙuri.