Ciwon Sida: A Kai wa Mata Labari da Baki



Tun 1987 aka gano ciwon sida a Nijar. Ana manna takardun gargaɗi a bangon likita, amma yawancin matanmu na ƙauye ba su shiga lakwal ba. Sai mu kai musu labarin da baki: wurin suna, wurin adashe, bakin rijiya, ta hanyar ungozoma da manyan mata, tunda akwai kunya tsakaninmu da su.

Abu uku muke so a faɗa musu. Na ɗaya, ciwon yana bin saduwar namiji da mace, yana bin jini ta aska, reza ko allurar da aka yi wa wani, kuma uwa tana ba jariri a ciki, wajen haihuwa ko a nono. Na biyu, cin tuwo ƙwarya ɗaya, gaisuwa da cizon sauro ba sa kawo shi. Kada a guji kowa. Na uku, mai ciki ta je awo. In an samu ƙwayar, akwai maganin sha kullum. Ba ya warkarwa, amma yana riƙe ta da lafiya, yana kare jaririn.

Ku masu dawowa daga Abijan, Kwatanu ko Legas, mun san mace ba ta iya tilasta wa mijinta kwaroron roba. Ku biya likita a auna jininku kafin ku iso gida. Gida mai mata biyu da goyo, rai nawa ke nan?

Allah shi kiyaye mu. Wassalam.