Abin da Ke Sa Mai Karatu Ya Ajiye Ƙagaggen Labari Bai Kai Ƙarshensa Ba



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba wata al'ada da kusan kowa a cikin zauren nan yake da ita, amma ba kowa ke yarda ya faɗa ba, wato fara karanta littafi da ɗoki, sa'an nan a ajiye shi a tsakiya ba a sake waiwayarsa ba. Ni kaina ina da irin waɗannan littattafai a gida, kowanne da ɗan tsinken da na sa a shafin da na tsaya. Galibi idan aka ta da wannan magana sai a ce ragwanci ne na mai karatu. Ra'ayina shi ne sau da yawa laifin na marubuci ne. Ma'aikacin da ya cire kuɗi daga albashinsa ya sayi littafi, ya hana idonsa barci bayan wahalar ofis, ya riga ya sauke nasa nauyin.

Kowane ƙagaggen labari yana ɗaukar alkawari a shafukansa na farko. Bari mu kafa hujja da littattafai biyu da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, a ƙarƙashin Dokta Rupert East. A cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tun daga farko an shaida mana cewa Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Duk yawon da ya yi gari-gari, duk keta da ramuwar da ke tsakaninsa da Malam Zurƙe, mai karatu yana riƙe da igiya guda: zai samo ruwan ko kuwa? Labarin yana tsalle daga wannan abu zuwa wancan, amma igiyar ba ta tsinke ba.

Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara kuwa ya fara ne da tarihi, da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, har zuwa Burmi inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903. Mai karatu ya gyara zama yana jin ƙarar bindiga a ƙasar da ya sani. Kwatsam sai a ɗauke shi a kai shi wajen aljannu da ƙasashe masu nisa. Ba ina rage wa littafin daraja ba ne, domin Hausarsa da kirarinsa ba su da na biyu. Amma wanda ya shigo don tarihi zai ji kamar an canza masa hanya ba a yi masa sallama ba, kuma a daidai wannan gaɓa ne na ga ɗalibai da dama sun yi sanyi.

Akwai kuma wa'azi. Adabinmu ya taso ne a hannun malamai, saboda haka gargaɗi ba baƙo ba ne a cikinsa. Inda matsalar take shi ne lokacin da marubuci ya tsayar da labari cak, ya hau mumbari da kansa. Tauraron da aka yi shi don ya zama misali kurum ba ya kuskure, ba ya shakka, kuma tun shafi na goma an san yadda zai ƙare. Me zai sa a bi shi har shafi na ɗari? Abubakar Tafawa Ɓalewa bai tsaya yana la'antar bauta a cikin Shaihu Umar ba. Ya bar mu ne mu bi uwar da ta fita neman ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu fataucin bayi.

Sai batun kasuwa, wanda ya ƙara bayyana bayan da marubuta suka fara buga littattafansu da kansu a Kano daga tsakiyar shekarun 1980. Rashin jari ya sa ana raba labari guda zuwa kashi biyu ko uku, a sayar da na farko a buga na biyu da kuɗinsa. Wannan dabara ta haifar da masu karatu da yawa, musamman mata, kuma wajibi ne a yaba. Sai dai wani marubucin yakan ja labarin kashi ɗaya ya cika uku da siffanta falo da sutura, ko kuwa ya gaji a ƙarshe ya kashe mugu da hatsarin mota, ya aurar da kowa a shafi biyu.

To, mu malamai fa? Mun mayar da Magana Jari Ce abin jarrabawa. Yaro yana karanta shi yana farautar jigo da salo da zubi, bai taɓa samun sukunin yin dariya ba. Na taɓa tambayar wani aji wa ya karanta littafin nan don kansa, ba don an ce za a tambaya ba. Hannu uku na ƙirga, ɗaya daga ciki ma sai da ya waiwaya ya ga na wasu kafin ya ɗaga.