Motocin Gwaji na Pontiac: Ƙirar da Ta Rayu Bayan Mai Ita



Batun da za mu tattauna yau shi ne abin da Turawa ke ƙerawa a masana'antun mota wanda za mu kira motar gwaji. Ita wannan mota ba don kasuwa ake yin ta ba. Ƙwaya ɗaya ko biyu ake ƙerawa, a kai ta wurin nuni, don a auna ra'ayin jama'a game da sabon fasali. Za mu ɗauki misalinmu daga Pontiac, wani reshe na kamfanin General Motors na Amurka, wanda aka kafa a 1926, aka kuma rufe shi a 2010 bayan karayar arzikin da ta sami uwar kamfanin.

Tun a 1954 Pontiac ya nuna Bonneville Special, mota mai kujera biyu da rufin gilashin roba, a ƙarƙashin jagorancin Harley Earl, babban mai zanen kamfanin. Amma wadda ta fi dacewa da nazarinmu ita ce Banshee ta 1964. Injiniya John DeLorean da mutanensa suka ƙera guda biyu masu tafiya: ƙarama ce, mara nauyi, mai dogon gaba da gajeren baya, kuma da an sayar da ita da ta fi Corvette araha. Nan matsalar take. Corvette ta Chevrolet ce, shi kuwa Chevrolet ɗan'uwan Pontiac ne a gida ɗaya. Manyan kamfanin suka ji tsoron ƙani zai kashe wa wa kasuwa, suka hana. Rijiya ta bayar, guga ya hana ke nan. Aka lallashi Pontiac da Firebird a 1967, wadda aka ɗora bisa ƙashin Camaro ta Chevrolet.

To, amma hana mota fita bai hana siffarta fita ba. Duk wanda ya ajiye hoton Banshee kusa da na Corvette ta 1968 zai ga dangantaka: ƙugu matsattse, kafaɗu a tashe bisa tayoyi, hanci mai tsini. Haka kuma wata Banshee ɗin da aka nuna a 1988 ta share fagen Firebird ta 1993.

Akwai kuma ɗaya gefen labarin, wanda ya fi ɗaci. A 1999 aka nuna motar gwaji mai suna Aztek, jama'a suka yi na'am da ita. Da aka zo ƙera ta don sayarwa, sai neman rage kuɗi ya sa aka ɗora ta bisa ƙashin ƙaramar bas ta iyali. Jikinta ya ƙara tsayi, ya ƙuntace, tayoyinta suka yi mata ƙanƙanta. Ta zama abin dariya, aka daina yin ta a 2005. Solstice kuwa, wadda aka nuna a 2002, ta fito kasuwa a 2005 kusan yadda aka zana ta, ta sami karɓuwa, sai dai ta zo a ƙurarren lokaci.

Mene ne namu a ciki? Yawancinmu gobe za mu zauna a ofisoshi, wasu su rubuta shawara, wasu su sa mata hannu. Mai rubutawa ya sani cewa shawarar da aka jefa cikin durowa ba lalle ta mutu ba, don haka ya inganta ta, ya adana ta. Mai sa hannu kuwa ya tuna da hanyoyi biyu da aka bi aka cuci Pontiac: hana abu mai kyau don kare wani ɗan gida, da kuma yarda da shi sannan a yi ta yankan sa har ya tashi daga kamanninsa. Banshee biyun nan na 1964 sun tsira daga rushewa, masoya mota suna alfahari da su. Kamfanin da aka hana shi sayar da su kuwa babu shi.