Jawabi Ga Manoma: A Raba Gona, A Zana Taswira

Jawabin wannan wata a kan rabon gona ne da amfanin zana taswirarta.

A da, gandu ɗaya ke ciyar da babban gida. Yanzu jama'a ta ƙaru, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Idan maigida ya rasu, sai a yanka gandu ƙanana-ƙanana.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar gona eka 8, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza 3 da mace 1. Iyayensa sun riga shi rasuwa. Matarsa tana da tumuni, wato eka 1. Kowane ɗa namiji eka 2, 'ya mace eka 1. Lissafi ya fita. To, amma daga ina rabon kowa ya fara, a ina ya tsaya? Nan ne rigima ke tashi.

Iyakar gamba wuta na cinye ta. Bishiya ana sare ta. Garmar maƙwabci takan ci kunya ɗaya bana, ta ci ɗaya baɗi. Dattijon da ya san iyaka, wata rana ba ya nan. Marayu da mata su ne suka fi cutuwa.

Awon gona ba sabon abu ba ne. A zamanin Turawa, malaman taki sun auna gonakin ƙasar Kano da taku saboda haraji. Yau ma'aikacin safiyo yana awo da na'ura mai aiki da tauraron ɗan'adam.

Ga abin da ya kamata magada su yi. Su kira ma'aikacin safiyo da rani, kafin shuka. Mai unguwa da maƙwabtan gona su halarta. A kafa turakun siminti a kowace kusurwa. A bar wa kowa hanyar shiga gonarsa, kada kuma a taɓa burtali. A tuna, eka ɗaya ta fadama ba daidai take da ta tudu ba. Kowa ya karɓi kwafin taswira mai sunansa, ya karanta da kansa kafin ya sa hannu.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar izinin riƙe gona a karkara. A je da taswira a nema.

Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane. Allah ya ba da zaman lafiya da damina mai albarka.